Kwalaben Abijan da Rumbun Zaliha

Daga gida, gabas da Garhanga,
ranar Talata, cikin sanyin bayan kaka.

Zuwa ga ɗana Lurwanu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Salma, da ƴar jaririyar da har yau ba mu gani ba sai cikin gilashin salula. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin ƙasar ruwa, ya sa albarka cikin albasar da kake saidawa, ya kiyaye ka daga abokin banza. Ni ne baffanka Manzo. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Hatsin bana ya yi dama-dama, dawar fadama ta fi shi kyau, wake kuwa mun raba shi da tsutsa, ita ta ɗauki babban rabo. Innarka Cima tana nan da ƙafarta, in sanyi ya sauko ta yi ƙorafi, in rana ta fito ta manta. Ƙanwarka Kulu ta sauka lafiya a Tabotaki, namiji, an sa masa Abdulmumin. Jar akuyar nan da ka sani ta haifi biyu, ta ƙi ɗaya, innarka ce ke ba shi nono da tsumma.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke tura murya. Dalili shi ne muryar salula ba ta da ƙofa. In ta shigo gida, mai daka ta ji, mai wucewa ya ji, kafin la'asar an kai ta bakin rijiya. Maganar da ke bakina kuwa ta mutum biyu ce. Ka yi ta kira cikin makonnin nan, ana ce maka tsohonka ya tafi gona, ko yana masallaci, ko yana barci. Kai ma ka san babu abin da ake yi a gona yanzu sai kallon kara, kuma Yaya Isaka bai taɓa barcin rana ba tun da aka haife ni. A zaune yake duk lokacin da ka kira. Shi ya ce kada a miƙo masa. Kada ranka ya tashi tun yanzu, ka gyara zama, zan faɗa maka yadda abin ya faro, don tatsuniyar da aka soma daga wutsiya ba ta da daɗin ji.

Ka tuna kwalabe uku da ka aiko ta hannun Bashiru mai kamyo, babbar motar albasa, maganin ciwon bayan tsohonka? Sun iso lafiya, naɗe cikin tsohon zane, ko wacce bakinta a liƙe. Ruwan ciki baƙi-baƙi ne kamar jiƙon bagaruwa, a jikin kwalbar an zana saiwar itace da wani ƙato ya ɗaga hannuwa. A ƙarƙashin ƙaton akwai rubutu ƙanana, jere-jere, kamar sahun tururuwa. Aka aika a kira ni, kamar yadda aka saba shekara talatin duk sa'ad da takarda ta shigo garin nan. Na zo, na zauna, na goge madubin idona da bakin riga, na ɗaga kwalbar wajen haske. Tsohonka na kallona, innarka na kallona, har maƙwabta sun leƙo ta kan darni. Na ga Faransanci ne zalla. Na motsa leɓe kaɗan, na gyaɗa kai kamar wanda ya gamu da abin da ya zata, sannan na ce an rubuta a sha cikin kofin shayi, da sassafe, kafin a sa komai a baki. Ba daga kwalbar na ɗauko wannan ba, Lurwanu. Daga kakarmu na ɗauko shi, don haka take ba mu jiƙo da tsimi muna yara, kuma ban taɓa jin maganin da ya ƙi cikin da ba a karya ba. Da wuƙata na yanke liƙin kwalbar farko. Warin ya doki hancina, na ce lalle wanga magani da ƙarfi yake.

Lokacin tsohonka ya ɗauki ginin rumbun Zaliha, matar marigayi maƙeri. Ka san aikinsa, kai ma ka taka masa laka: a jera duwatsu, a ɗora gindi, a riƙa hawa da ginin zagaye-zagaye, kullum layi kaɗan, a bar rana ta sha ruwansa, har cikin ya buɗe kamar tulu sannan ya tsuke zuwa baki. Shekara hamsin yana yi, ba igiya ba ma'auni, ido kawai da tafin hannu. Bana da ƙyar ya yarda, saboda bayan. Amma ranar da ya soma shan maganin, sai ga shi ya hau tsani kamar mai shekara arba'in. Ya ce abin na sauka maƙogwaro da zafi kamar ya haɗiyi garwashi, kafin ya gama cuɗa curin laka na farko sai ɗumi ya bazu har yatsun ƙafa, ciwon bayan ya lafa, sanyin safiya ya koma kamar na wani ne ba nasa ba. Mutumin da ba ya magana in yana aiki, sai aka ji yana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa. Zaliha ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin haƙoran Isaka ba sai bana.

Wata safiya na tsaya gindin tsanin, ya dube ni daga sama da wasu idanu masu laushi, ya ce in hau in ga abin da yake gani. Na ce gwiwata ba ta hawa, ya faɗa mini daga nan. Sai ya ce daga kan ginin fadama ta koma yadda take muna yara, kafin manyan farin nan su cinye ta. Gawo da bagaruwa sun haɗe kai, ruwa kwance har cikin sanyi, farare-fararen balbela a kansa kamar an shanya wanki, barewa biyu suna sha ba su damu da kowa ba. Ya ce ga innarmu Altine can tafe da ƙwaryar hura a ka, ta biyo ƴar hanyar da ke bin gindin tsamiya, zanenta na saƙi yana kaɗawa, tana tafiya tana tafiya amma ba ta ƙarasowa. Ba hauka ba ne, ya san ta shekara arba'in a ƙasa. Cewa ya yi tunawa ce, amma irin wadda aka cire wa ƙaya. Ni na tsaya ƙasa ina duban fadamar nan tamu ta yau, jar ƙasa da duwatsu da ƴan itatuwan da muka dasa da hannunmu, sai na ji ina kishinsa.

Abin kirki ba ya ɓoyuwa a ƙauye. Dattawan bakin masallaci suka ji labari, kowa ya tuna yana da baya. Tsohonka mai kyauta ne, ya riƙa ɗiga musu. Liman Mahamud ya karɓi rabin kofi saboda gwiwa. Ni ma na sha, sau uku, ba zan ɓoye maka ba. Ka ga tsofaffi jere jikin bango da hantsi, rana na dukan ƙafafunsu, kowa na murmushi shi kaɗai kamar an yi masa albishir. Mutum biyu da suka shekara goma sha ba su gaisa ba saboda iyakar gona, ranar nan aka gan su suna raba goro ɗaya, ɗayan har da hawaye, wai duniyar nawa take. Mata suka ce lalle wanga magani daga Makka ya biyo ta Abijan. Abu ɗaya ne kawai: in rana ta ɗaga, ɗumin ya janye, bayan tsohonka ya dawo da ƙarfinsa, kai ya ɗauki nauyi. Sai ya ga ai dabara ita ce ya ƙara kofi na biyu da hantsi, tun kafin a kawo hura. Ya tambaye ni ko takardar ta hana. Na ce ban ga inda ta hana ba. A nan dai ban yi ƙarya ba.

Ni na fara lura rumbun ya soma jingina wajen gabas, kamar mai sauraron magana ta bayan darni. Na yi shiru, don wane ne ni in gyara wa Isaka gini. Zaliha ma ta gani, ta ce wataƙila sabon yayi ne. Ran Alhamis ta makon da ya cika kwana ashirin da wani abu yana sha, ya gama layin safe, ya juyo zai sauko. Daga baya ya faɗa mini ƙasa ce ya ga ta matso kusa, lallausa, kamar an shimfiɗa masa tabarma taki ɗaya daga ƙafarsa. Sai ya taka. Saura matakala shida. Allah ya sa tulin lakar da aka cuɗa na nan ƙasa, a ciki ya faɗa, amma hannun dama ya riga shi isa. Muka ɗora shi a amalanke zuwa likita, wato ƙaramin asibitin Garhanga. Innarka ta ce a tafi da kwalbar, wai masu likita suna son ganin abin da mutum ke sha. Cikinmu duka ita kaɗai ta yi tunani ranar.

Majo ɗin da muka iske, wato mai duba marasa lafiya a wurin, mace ce, Mardiya sunanta, yarinya mai natsuwa, ba za ta wuce sa'ar Kulu ba. Ta duba hannun, ta ce wuyan hannun ya tsage, ta ɗaure. Tana sunkuye kusa da fuskarsa sai na ga ta ɗan dakata, ta sake shaƙar iska, ta dubi farin gemunsa da tabon sallah a goshinsa. Ta karɓi kwalbar, ta karanta, ta ce Baba Manzo ya zo waje ya taya ta wani abu. A ƙarƙashin itacen bedin likitar ta faɗa mini cewa abin da ke cikin kwalbar giya ce mai ƙarfi aka jiƙa saiwoyi a ciki, kuma an rubuta hakan a jiki. Ta ce an rubuta ƙaramin cokali ɗaya, bayan an ci abinci. Ta tambaye ni wa ya ce kofin shayi, kuma kafin karin kumallo. Na ce haka dai aka saba a wajenmu. Ta dubi madubin idona da alƙalamin da ke aljihuna, ta kau da kai. Yarinyar tana da tarbiyya.

Na ce mata to yaya ɗan kofi guda zai kayar da mutumin da ya yi shekara hamsin a kan tsani? Sai ta zauna ta warware mini, ni kuma zan faɗa maka yadda na fahimta. Ta ce giya ba ta jira a niƙa ta kamar tuwo. Tuwo sai ciki ya yi ta fama da shi, ya dama, ya tace, kafin jiki ya samu rabonsa. Ita kuwa yadda ta shiga haka take ratsa bangon ciki ta faɗa cikin jini. Kaɗan ke ratsawa tun daga tumbi, mafi yawa sai ta gangara ƙaramin hanji, can ne hanyar ta fi faɗi. Tsakanin tumbi da hanjin nan akwai ƴar ƙofa. In akwai abinci, ƙofar takan tsuke tana sakin abu kaɗan-kaɗan, in ciki wayam yake kuwa sai abin ya wuce kai tsaye. Tana faɗa ina ganin ruwan sama a kan faƙo. Ka san yadda yake yi a tudun da ba komai, ya sauko gaba ɗaya ya cika ƙorama kafin ka ɗaure wando. Inda muka jera duwatsu kuwa zamanin aikin gyaran ƙasa, sai ya tsaya, ya yi ta neman hanya, ya isa ƙasa a gajiye. Wato da tsohonka ya sha hurarsa tukuna, da an samu duwatsu a hanya. Ni na kwashe su da bakina.

Ta ce daga nan jini ke ɗaukar ta ya kai duk inda ruwa yake a jiki, kuma cikin ƴan mintoci ta isa ƙwaƙwalwa. Mai babban jiki yana da ruwan da zai surka ta, tsoho kuwa ruwansa ya ragu, balle tsohonka da yake busasshe kamar karan dawa. In ta isa kai, masu gadi ne ke fara gyangyaɗi: mai hana baki sakin magana, mai auna nisa, mai riƙe mutum daidai a kan ƙafarsa. Ciwon bayan ma yana nan inda yake, ɗan aiken da ke kai labarinsa ne ya zauna hutawa a hanya. Ɗumin da yake ji kuwa aro ne, jini ne ke tasowa fatar jiki, zafin na fita waje, mutum na jin daɗi alhali sanyi na shigarsa. Na ce to wa ke fitar da ita? Ta ce hanta, kusan ita kaɗai. Ɗan kaɗan ne ke bin numfashi da zufa da fitsari, shi ne abin da ta shaƙa. Hantar kuma tafiyarta ɗaya, kamar jakin da ke jan guga a rijiya mai zurfi: ko ka yi masa kirari ko ka dake shi, guga ɗaya zai fito da shi a lokacinsa. Kofi irin namu zai ci mata awa biyu ko fiye, na tsoho ya fi haka. Da farko takan juya giyar ta koma wani abu da ya fi ta dafi, shi ke kawo ciwon kai da tashin zuciya, sannan ta sake juya shi ya koma kamar ruwan tsami, daga ƙarshe ya zama ruwa da iska. Shayi mai kauri, goro, wanka da ruwan sanyi, duk ba mai sa ta sauri. Ka ga ke nan tana tsakiyar fama da kofin asuba, sai mu aiko mata da na hantsi.

Da muka koma ciki, tsohonka ya dubi majo ya ce ɗiyata, ba ya son a yi shawara a kansa a gindin itace kamar ragon suna, ta faɗa masa abin da ya sha. Ta faɗa masa, da ladabi, amma ba ta rage ba. Maganar cokali da rubutun jikin kwalba ce kawai ta bari, don ta rufa mini asiri. Lurwanu, na ga tsohonka ranar da fari ya kashe mana shanu, na gan shi ranar da muka binne innarmu, ban taɓa ganin fuskarsa kamar ta ranar nan ba. Muka iso gida. Ya wanke baki ya fi sau bakwai, ya fasa kofin, ya sa aka tona rami bayan gari aka juye abin da ya rage. Liman Mahamud ya zo da kansa ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa ko kaɗan, kuma ban taɓa jin ya ba da fatawa da sauri irin na ranar ba. Tsohonka ya ce ya ji, shi bai sani ba, Liman bai sani ba, Manzo ya karanta takarda bai ga komai ba, wato masu yin giyar sun ɓoye. Amma wanda ya shekara tara a garin da ake saida ta a bakin hanya, ba ya bukatar takarda. In ya sani ya aiko, ya ci amanar ubansa. In kuwa ya riƙe ta bai ji komai ba, to ta zama ruwa gare shi. A bakin masallaci ya faɗi haka, gaban mutane. Ya ce bai yi maka baki ba, amma albarkar da yake sa maka kowace asuba ya riƙe ta, sai ran da Allah ya nuna masa gaskiya.

Kwana goma sha ɗaya na yi da wannan magana a ciki. Ina ganin innarka tana ɗaukar salula in ka kira, tana ƙirƙiro gona da barci, tana ajiyewa ta shiga ɗaki. Kowace safiya na ce yau zan faɗa, sai wani ya tare ni a hanya da ƴar takarda ya ce Malam Manzo duba mini, sai in ji sunan ya yi mini daɗi, in ce gobe. Gaskiyar ita ce Hausar boko na iya ta, tun karatun manya da aka yi mana, ga ta kana gani. Faransanci kuwa haruffan kawai na sani. Shekara talatin ina karanta fuskar wanda ya kawo takarda, da hatimin da ke kanta, da abin da na ji a rediyo, in haɗa in faɗa. Sau da yawa ina dacewa. Ba wanda ya taɓa karyewa sai bana.

Ran Litinin ta makon jiya, bayan la'asar, na roƙi Mushe Idrisa, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya biyo ni bakin masallaci. Innarka ta ɓoye kwalba ɗaya da ba komai ciki, wai za ta zuba man gyaɗa, na karɓo ta. Tun da a nan aka ɗaura maka laifin, a nan ya kamata a kwance shi. Na miƙa wa mushe na ce ya karanta da ƙarfi ya fassara. Ya karanta: giya kaza cikin ɗari, ƙaramin cokali ɗaya, bayan abinci. Sai na miƙe, na cire madubin idona, na ce jama'a ni ban karanta ko kalma ɗaya a jikin kwalbar nan ba, don ban iya ba, ban kuma taɓa iyawa ba. Kofin shayi nawa ne, asubar ma tawa ce.  Can sai wani ya ce ashe shi ya sa shekaran nan muka kwashi shanu zuwa allura ran Laraba, muka iske an yi ta tun Litinin. Liman ya ce shi dama ya daɗe yana mamakin yadda duk takardar gwamnati ke magana da irin bakin Manzo. Aka yi dariya, ni ma na taya su, don ba ni da wurin ɓoya.

Da dariyar ta lafa na juya wajen tsohonka. Na ce Yaya, kwalaben nan a liƙe suka zo, ni na yanke bakinsu, yaron bai shaƙi abin da ke ciki ba. Ni da ka yarda da ni shekara talatin na riƙe ta a hannu, na ji warinta, na sha, ban gane ba. To ina ga wanda kai da kanka ka cire daga lakwal yana aji biyu don ya taka maka laka? Na ce ina jin abin da ya faru bai wuce wannan ba: ya shiga kasuwa, ya ce tsohonsa na ciwon baya, aka nuna masa ƙato a jikin kwalba, ya ji nauyin ya ce bai iya karantawa ba. Jininmu ɗaya da shi, na san ciwon. Tsohonka ya daɗe yana duban ɗaurin hannunsa. Sannan ya ce Manzo, tun kana yaro ka fi son ka kwana a daji da ka tambayi hanya. Ya tashi ya tafi gida.

Washegari da hantsi ya aiko in same shi wajen rumbun Zaliha. Na iske shi zaune kan tabarma, hannu rataye a wuya. Ya ce in rushe layi biyar na sama, in jiƙa, in taka, shi zai riƙa faɗa mini inda zan ɗora. Shekarata sittin da bakwai, Lurwanu, na naɗe wando na shiga laka, Zaliha na dariya har da riƙe ciki, wai yau ga malami cikin tawada. Ina cikin takawa, da ta shiga gida, sai tsohonka ya yi magana a hankali ba tare da ya dube ni ba. Ya ce hannun ba ya damunsa. Abin da ke damunsa shi ne tun da ya daina sha, fadama ta koma jar ƙasa, innarmu kuma ba ta sake biyo hanyar tsamiya ba. Ya ce yakan kama kansa da safe yana marmarin kofin nan, shi Isaka, mai shekara saba'in da uku, a cikin garinsu, kusa da masallacinsu. Ya ce a nan ya gane yadda giya take kama mutum, ba da ƙarfi ba, da abin da ya rasa take zuwa masa. To in shi ta yi masa haka cikin kwana ashirin, ina ga yaron da ke can shi kaɗai, ba uwa ba uba, ba wanda ya san kakansa? Ya ce ko da ma a ce yana sha, ai lokacin ne ya fi bukatar addu'a, shi kuwa sai ya zaɓi lokacin ya riƙe ta.

Don haka ga abin da nake so da kai. Kada ka sake aiko magani, ko wane iri ne, ciwon bayan nasa majo ta ba shi abin shafawa. In za ka sayi abu mai rubutu, ka nemi wanda ya iya ya karanta maka, ka duba kuma ko ya iya ɗin da gaske. Ban tambaye ka ko ka sani ba, ban kuma tambaye ka ko kana taɓawa ba. In akwai abin faɗa, shi za ka faɗa wa, kuma ina tabbatar maka yanzu kunnensa zai iya ɗauka. Ka kira ran Juma'a bayan an sauko.

Innarka Cima tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan jaririya. Kulu da maigidanta suna gaisuwa, haka ƙanwarka Munira da ɗiyanta, da Zaliha, da Liman Mahamud, wanda ya ce in gaya maka gwiwar ta dawo. Ka gaishe da Salma, ka gaishe da Alƙasim ɗan gidan Sarkin Noma in kuna haɗuwa, da duk mutanen Adar da ke kasuwarku.

Saura magana ɗaya, ba tawa ba ce. Tsohonka ya ce in rubuta ta yadda ya faɗa, kuma ya kira Mushe Idrisa ya tsaya kaina ya ɗora yatsa a kan layin ya karanta masa, don ya ce daga yau ko sunansa na rubuta sai an duba. Ka san kai ne ɗan fari, tun da aka raɗa maka suna bai taɓa kama shi da bakinsa ba, sai dai yaron nan, ko wancan na Abijan. Na tambaye shi wanne zan sa cikin biyun. Ya share maƙogwaro, innarka na tsaye bakin ƙofa da muciya a hannu. Sai ya ce in rubuta Lurwanu, Allah ya yi maka albarka. Mushe ya karanta, ya ce haka aka rubuta. Ya ce a sake karanta masa.

Ka huta lafiya, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Baffanka,
Manzo